Ely Culbertson, Malamin Tayi a Wasan Birij

A filinmu na tarihin fitattun mutane na wannan mako mun leƙa Amurka, mun ɗauko muku tarihin Ely Culbertson, wanda ya yi tashe a wani wasan karta da ake kira birij.

Bari mu fara da bayanin wasan. Mutum huɗu ke yin sa, biyu-biyu, kowa na fuskantar abokinsa. Ana raba kati 52, kowa ya sami 13. Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi tayi, kamar yadda ake taya kaya a kasuwa: wannan ya faɗi yawan cin da yake ganin ɓangarensa zai yi, na gaba ya ƙara ko ya bari ya wuce. Ɓangaren da tayinsa ya fi ya ɗauki alkawari, in ya kasa cikawa maki ya tafi wa abokan hamayya. Wahalar ita ce ba ka ganin katin abokinka, kuma doka ta hana ƙifta ido ko wata alama ta ɓoye. Da tayin kaɗai za ka sanar da shi abin da ke hannunka. Shi ya sa abokan wasa ke shirya ma'anar kowane tayi tun kafin su zauna, kuma wajibi ne su bayyana wa abokan hamayya wannan ma'ana.

An haifi Culbertson ranar 22 ga Yuli, 1891, a ƙasar Romaniya. Mahaifinsa Ba'amurke ne, injiniyan haƙar ma'adinai, mahaifiyarsa kuwa 'yar Rasha ce. Juyin juya halin Rasha na 1917 ya cinye dukiyar gidansu, sai ya koma neman abinci da karta a Faris, rayuwar da yau a samu gobe a rasa. A 1921 ya koma Amurka, a 1923 ya auri Josephine, ƙwararriyar malamar birij a birnin New York, wadda ta zama abokiyar wasansa.

A 1925 wani attajiri, Harold Vanderbilt, ya fito da sabon lissafin maki, wanda ya sa babbar riba ba ta samuwa sai an taya ta tukuna. Daga nan tayi ya zama ginshiƙin wasan, mutane kuma suka shiga neman wanda zai koya musu. Culbertson ya ga wannan ƙofa. A 1929 ya kafa mujallar The Bridge World, a 1930 ya fitar da littafinsa Contract Bridge Blue Book.

Tsarinsa yana da ƙafa biyu. Ta farko awon ƙarfin hannu da manyan katuna. As, wato katin da ya fi kowanne, ana lissafa shi ci 1. As da Sarki masu fure ɗaya ci 2 ne, Sarki da ƙaramin kati a bayansa kuwa rabin ci. Wanda ya tara kimanin 2 da rabi zai iya buɗe tayi. Ta biyu ita ce a fara tayi daga ƙasa a hau a hankali, sannan akwai tayin da ke tilasta wa aboki ya amsa ko da hannunsa ba komai, don kada a tsaya kafin a kai inda ya dace.

Wasu tsofaffin gwanaye suka haɗa kai suka fito da nasu tsarin don su karya shi. Culbertson ya ƙalubalanci jagoransu, Sidney Lenz, a gwada a fili. Aka fara karawa a New York cikin Disamba 1931, aka gama cikin Janairu 1932, turmi 150, jaridu na ba da labari kullum. Josephine ce ta zauna gabansa a mafi yawan turamen. A ɓangaren Lenz kuwa saɓani ya shiga tsakaninsa da abokinsa Oswald Jacoby, har Jacoby ya fice kafin a gama. Culbertson ya yi nasara da ratar maki 8,980, littattafansa suka shiga gidaje birjik.

Sai dai kowane zamani da nasa gwani. Lissafin rabi-rabi yana wahalar da sabon shiga. Charles Goren ya yaɗa wani awo mai sauƙi: As 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1, jimilla 40 a katin duka, wanda ya sami 13 ya buɗe tayi. Daga 1949 jama'a suka riƙa komawa gare shi, kuma har yau da wannan awo ake fara koyar da wasan.

A lokacin hankalin Culbertson ya riga ya koma wani wuri. Aurensa da Josephine ya mutu a 1938. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya duƙufa wajen tsara yadda ƙasashe za su haɗu su hana yaƙi, har ya rubuta littafin Total Peace a 1943. Ya rasu ranar 27 ga Disamba, 1955, a jihar Vermont, yana da shekara 64.

Abin da muka tsinta a tarihin nan shi ne, kati mai kyau ba ya amfanar mutum biyun da ba su fahimci juna ba. Haka kuma ilimin da aka sauƙaƙa wa mai koyo shi ne ke daɗewa a hannun jama'a. Masu wakiltar makarantarmu a muhawara da kacici-kacici, ku shirya maganarku da abokanku tun kafin ku hau dandamali. Sai mun haɗu mako mai zuwa.