Alhaji Umaru na Salga, Ɗan Fatake da Rubutunsa Ya Bi Ayari

A wannan fitowa ta bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu tuna da wani magabaci da ya bi hanyar fatauci tun ba a shata iyakokin da muke tsallakawa yau ba. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Umaru na Salga, limamin Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yanzu.

An haife shi a Kano wajen 1858. Mahaifinsa malami ne kuma falke, asalin gidansu Kabi. Umaru ya yi karatu a Kano, ya je ƙasar Sakkwato ya ƙaro, kuma tun yana saurayi yake bin ayarin Gwanja. A wancan zamani ayari kan kwashe watanni tsakanin Kano da Salga, ya ratsa Borgu da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya komo da goro. Cikin kayan har da takarda. Yawancinta daga arewacin Italiya take fitowa, ta sauka Tarabulus, ta ƙetaro Sahara zuwa Kasuwar Kurmi. Daga nan fatake su yi kudu da ita, wata fara, wata kuma an riga an rubuce ta, tana cikin gafaka.

A 1877, bai cika shekara 20 ba, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Duk wanda ya taɓa tura kaya bashi zuwa wani gari ya san amfanin wannan. Falken da ke Salga, maigidansa na Kano, ba abin da ke riƙe amanar tsakaninsu sai 'yar takardar da wani ayari zai kai.

Umaru ya zauna a Salga yana koyarwa, a nan ya san Bajamushe Gottlob Adolf Krause mai nazarin harsuna. Yaƙin sarauta na 1892 ya karya kasuwar garin, 'yan kasuwa suka watse. Bayan 'yan shekaru shi ma ya koma Kete-Krachi a bakin kogin Volta, wadda ke hannun Jamusawa, ya zama limamin zango. A can ya rubuta wa jami'in mulki Adam Mischlich bayanai da ajami a kan tarihin ƙasar Hausa da sana'o'inta da kasuwanninta. Mischlich ya buga ƙamus ɗin Hausa a 1906, su kuwa waɗancan rubuce-rubuce har gobe ana nazarinsu a jami'o'i.

Ya tafi aikin Hajji wajen 1913. Ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata, da kuma annobar murar 1918. Ba shi da maɗaba'a, ba shi da kanti. Almajirai ne ke kwafa da hannu, fatake su sa a kaya su kai zango-zango, Kumasi, Tamale, Ankara. Daga baya aka buga wasu ayyukansa a Alƙahira, suka dawo hannun masu tallar littattafai. Allah ya yi masa rasuwa a Kete-Krachi a 1934.

Waɗanda suka gaji masu ɗaukar wancan kaya suna nan cikinmu. Su ne 'yan'uwanmu da ke shimfiɗa littattafai da kalanda a ƙofar masallatan Adjamé da Treichville, masu ɗauko ƙawa'idi da ishiriniya daga Kano. Jarinsu ƙarami ne, amma kan iyakar da ke tsare buhunanmu ita ke tsare kwalayensu, kuma sau da yawa ba su da mai tsaya musu. Ya kamata rajistar ƙungiya ta haɗa da su. Matasanmu kuma da ke ƙulla cinikin miliyoyi da saƙon murya a waya, su tuna cewa ɗan fatake ya fara da koya wa mutane rubuta wasiƙa: a rubuta bashi, a sa shaidu, a ajiye takarda.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru da dukkan magabatanmu na hanya, ya sa albarka a nemanmu.