Marigayi Bruce Lee, Sarkin Faɗan Canis

An haifi Bruce Lee a San Francisco ta ƙasar Amurka cikin 1940, amma a Hong Kong ya tashi, inda ya koyi faɗa wurin malaminsa Ip Man. Da masu fim na Amurka suka ƙi ba shi jagoranci, sai ya koma gida, fim ɗin The Big Boss na 1971 ya fito da sunansa. Har yaran Kano sun sha kwaikwayon ihunsa in an tashi daga silima.

Ya rasu ran 20 ga Yuli, 1973, yana da shekara 32 kacal, bai ga fitowar Enter the Dragon ba. Da kamanninsa aka zana Liu Kang na wasan bidiyon Mortal Kombat, wanda kamfanin Malibu ya mayar littafin zane a 1994.