Tarihin Florence Blanchfield, matar da ta samar wa ma'aikatan jinya muƙamin hafsa

A yau, duk ma'aikacin jinya da ya shiga rundunar sojan ƙasa ta Amurka da takardar digiri a hannu, hafsa ne tun daga ranar da ya yi rantsuwa. Kafin a miƙa masa ɗakin majinyata, sai ya yi makonni yana karɓar horon farko na hafsoshi, inda yake koyon fareti, da dokokin soja, da yadda ake jagorantar na ƙasa.

Shekaru 80 da suka wuce ba haka abin yake ba, kuma cikin waɗanda suka yi faɗi-tashi har tsarin ya sauya, babu wadda ake ambata kamar Kanar Florence Aby Blanchfield.

Ita ce ta shugabanci sashen ma'aikatan jinya na rundunar daga 1943 zuwa 1947, ita ce kuma mace ta farko da aka ba muƙamin hafsa na dindindin a rundunar sojan ƙasa ta Amurka.

Asalinta da karatunta

An haifi Florence Blanchfield ranar 1 ga watan Afrilun 1884 a garin Shepherdstown na jihar West Virginia, kuma ita ce ta huɗu a cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinta mai sassaƙa dutsen gini ne, mahaifiyarta kuwa aikin jinya take yi. Ta tashi a wani ƙauye mai suna Oranda a jihar Virginia.

Ta kammala makarantar koyon aikin jinya ta asibitin South Side da ke birnin Pittsburgh a 1906, sannan ta je Baltimore ta ƙaro ilimi a kan aikin ɗakin tiyata. Da ta dawo ta riƙe ɗakunan tiyata a asibitocin Pittsburgh, daga baya kuma ta shugabanci wata makarantar koyon jinya a Bellevue, kusa da birnin.

A 1913 ta tafi Panama, lokacin da ake dab da gama haƙa mashigin ruwan da ya haɗa tekun Atlantika da na Fasifik. A asibitin Ancon ta yi aiki a ɗakin tiyata, tana ba majinyata maganin sa barci.

Kaki ba muƙami

Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, a shekarar ne kuma Florence ta shiga aikin soja. An tura ta Faransa tare da wani asibitin soja da ya yada zango a birnin Angers, daga bisani ta zama muƙaddashiyar shugabar ma'aikatan jinya a asibitin sansanin Coëtquidan.

A can ne ta ga matsalar da ta shafe sauran shekarun aikinta tana neman maganinta. Tun a 1901 aka kafa sashen ma'aikatan jinya na rundunar, kuma fiye da mata dubu 21 ne suka yi aiki a cikinsa a lokacin yaƙin. Sai dai babu ko ɗaya daga cikinsu da ke da muƙamin soja. Su ba hafsoshi ba, su ba kurata ba.

A gidan soja kuwa, muƙami ake yi wa biyayya. Ma'aikaciyar jinya ce ke da alhakin majinyatan da ke ɗakinta, amma ƙananan sojojin da aka ba ta su taimaka mata suna iya yin biris da umarninta, domin babu anini a kafaɗarta. Idan aka yi jinkirin wanke ciwo ko ba da magani saboda irin wannan gardama, sojan da ke kwance ne yake ɗanɗana kuɗarsa.

Bayan yaƙin, majalisar dokokin Amurka ta yi wata doka a 1920, wadda ta ba su muƙamai na kwatanci, daga ƙaramin laftana zuwa manjo. Sun sami damar maƙala alamar muƙami a kakinsu, amma albashinsu bai kai na maza masu irin wannan muƙami ba, kuma ba su da cikakken ikon hafsa.

A wannan shekara ce Florence, wadda ta ɗan koma aikin farar hula, ta sake sa kaki. Ta yi aiki a asibitocin soja daban-daban a cikin Amurka, da ƙasar Filifin, da birnin Tianjin na ƙasar Sin. A 1935 aka kira ta birnin Washington, ofishin babban likitan rundunar, inda ta ƙware a sha'anin mulki da ɗaukar ma'aikata.

Yaƙin Duniya na Biyu

A 1940, ma'aikatan jinya na dindindin da ke rundunar ba su kai dubu ɗaya ba. Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a watan Disambar 1941, sai aka shiga ɗaukar dubbai daga asibitocin farar hula.

Waɗannan mata sun san aikinsu, amma ba su san soja ba. Da yawa an tura su ƙetare ba tare da sun taɓa kwana a tanti ba, ko sun san abin yi idan jiragen yaƙi suka fara ruwan bama-bamai.

Haɗarin kuwa a fili yake. Sojojin Japan sun kama fiye da ma'aikatan jinya 60 na rundunar a ƙasar Filifin a 1942, ba a kuma 'yanto su ba sai a watan Fabrairun 1945. A watan Nuwambar 1942, wasu 60 sun sauka a gaɓar tekun Aljeriya kusa da Arzew tare da dakarun da suka kai farmaki a Arewacin Afirka, suka kama aiki a wani asibiti da aka yi watsi da shi, babu wuta, babu ruwan famfo.

Ana cikin wannan hali ne shugabar sashen, Kanar Julia Flikke, ta yi ritaya saboda rashin lafiya. Ranar 1 ga watan Yunin 1943 Florence Blanchfield, wadda ta kasance mataimakiyarta, ta gaje ta da muƙamin kanar. Saboda gajartarta, sai aka yi mata laƙabi da Ƙaramar Kanar.

Horon makonni huɗu

Wata guda bayan hawanta, Janar Brehon Somervell, wanda ke kula da harkokin kayan aiki da hidimomin rundunar, ya amince da a riƙa ba duk sababbin ma'aikatan jinya horo na makonni huɗu kafin a tura su aiki. Kafa waɗannan makarantu na daga cikin manyan ayyukan da ake danganta wa Kanar Blanchfield.

A cikin makonnin ana koya musu tsarin rundunar, da ladubban soja, da tsabtar sansani a daji, da kare kai daga harin jiragen sama da na iskar gas mai guba. Akwai kuma darussa a kan rubuta takardun ofis, da neman kayan aiki, da kula da dukiyar gwamnati, da tafiyar da ma'aikata. Ban da aji, suna yin fareti da doguwar tafiya a ƙasa da kaya a baya.

Daga watan Yulin 1943 zuwa Satumbar 1945, fiye da ma'aikatan jinya dubu 27 ne suka kammala wannan horo a cibiyoyi 15.

Kanar Blanchfield ta kuma goyi bayan a kai ma'aikatan jinya asibitocin da ke kusa da bakin daga, domin sojan da aka yi wa tiyata cikin gaggawa ya fi samun damar rayuwa. Matakin ya zo da tsada: a Anzio ta ƙasar Italiya, shida daga cikinsu sun mutu a 1944 sakamakon bama-bamai da luguden wuta a kan tantunan asibiti. Gaba ɗaya, 201 ne suka rasa rayukansu a yaƙin, daga cikin fiye da dubu 59 da suka yi aiki. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙasa da kashi 4 cikin 100 na sojojin Amurka da suka sami kulawar asibiti a fagen daga ne suka mutu.

Dokar 1947

Duk da wannan sadaukarwa, batun muƙami ya ci gaba da tafiyar hawainiya. A watan Yunin 1944 majalisa ta ba su cikakken muƙamin hafsa da albashinsa, amma na wucin gadi, wanda zai ƙare watanni shida bayan yaƙi.

Kanar Blanchfield ta ci gaba da matsa lamba, tare da goyon bayan 'yar majalisar wakilai Frances Payne Bolton ta jihar Ohio. Hujjarta ita ce, wanda aka ɗora wa alhakin rayukan sojoji, ya kamata a ba shi ikon da zai sauke wannan nauyi, da albashi da fanshon da suka dace da shi.

Haƙarsu ta cim ma ruwa ranar 16 ga watan Afrilun 1947, lokacin da dokar ma'aikatan jinya na sojan ƙasa da na ruwa ta fara aiki a zamanin Shugaba Harry Truman. A watan Yuli, babban hafsan sojan ƙasa, Janar Dwight Eisenhower, ya miƙa mata takardar naɗi ta dindindin a matsayin laftanar kanar, mai lamba N-1. Ta yi ritaya a watan Satumban shekarar.

Abin da ya rage a baya

Gyaran bai game kowa ba a lokaci ɗaya. Rundunar da ta yi wa aiki tana nuna wariyar launin fata. A 1941, gurbi 56 kacal aka ware wa ma'aikatan jinya baƙar fata, kuma har aka gama yaƙin yawansu bai wuce kimanin 500 ba. Akasari an taƙaita su ga jinyar sojoji baƙar fata da fursunonin yaƙi Jamusawa, wasu 30 kuma aka tura su Laberiya a 1943. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a rundunonin ƙasar.

Maza masu aikin jinya su ma sun jira har 1955 kafin a fara ba su muƙamin hafsa a sashen.

Florence Blanchfield ta sami lambar yabo ta soja a 1945, kuma a 1951 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ba ta lambar girmamawa ta Florence Nightingale. Ta yi tsawon rai har ta ga ranar da aka yi wa ɗaya daga cikin waɗanda suka gaje ta, Anna Mae Hays, ƙarin girma zuwa birgediya janar a watan Yunin 1970, mace ta farko da ta kai wannan matsayi a tarihin sojan Amurka.

Ta rasu ranar 12 ga watan Mayun 1971 a asibitin soja na Walter Reed da ke Washington, aka kuma binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. A 1982 aka sanya sunanta ga asibitin soja da ke sansanin Fort Campbell, a kan iyakar jihohin Kentucky da Tennessee.