Halilu ɗan Ahmadu, malamin da ya auna waƙa

An haifi Halilu ɗan Ahmadu Alfarahidi a ƙasar Oman wajen shekara ta 718 miladiya. Ya yi karatu a birnin Basra, cikin Iraƙi, gun manyan malamai irin su Abu Amru ɗan Ala'i, kuma a can ya ƙare rayuwarsa.

A zamaninsa Larabawa sun daɗe suna waƙa, amma kunne kaɗai ke raba baiti mai kyau da karyayye. An ce wata rana Halilu ya ratsa kasuwar maƙeran tagulla, ya ji guduma tana sauka daidai wa daida. Sai ya gane cewa waƙa ma tana da irin wannan bugu, ana iya ƙidaya shi.

Bai yi gaggawa ba. Ya tattara waƙoƙin mutanen da, ya rarraba kowane baiti, ya ware harafi mai wasali da marar wasali, har ya fitar da karuruwa 15 cikin da'ira 5. Daga baya Ahfashu ya ƙara na 16. Sunayen sassan ya ɗauko su daga tantin makiyaya: baiti shi ne ɗaki, sababi igiya, watadi kuwa turke. Wannan ilimi shi ake kira aruli.

Haka kuma ya tsara Kitabul Aini, ƙamus na farko na Larabci, inda ya jera haruffa bisa mafitarsu, daga maƙogwaro zuwa leɓɓa.

Halilu bai ɓoye hanyarsa ba. Ya koya wa almajiransa su fara da saurare, su kawo shaida, sannan su yanke hukunci. Sibawaihi, babban almajirinsa, ya rubuta littafin nahawun da ake kira Alkitabu, ya ambaci malaminsa a ɗaruruwan wurare. Ya nuna ke nan cewa mai bincike na ƙwarai yakan faɗi inda ya samo magana.

Duk da iliminsa, Halilu ya zauna cikin talauci, bai nemi kyautar masu mulki ba. Ya rasu a Basra tsakanin 786 da 791.

Aikinsa ya iso har ƙasar Hausa. A 1949 Joseph Greenberg ya nuna cewa rubutattun waƙoƙin Hausa suna bin karuruwa irin su kamil da mutaƙarab. Duk mai son nazarin waƙoƙinmu, sai ya bi sawunsa: kunne tukuna, sannan alƙalami. Allah ya jiƙansa.