Tuna baya: Farfesa Osuntokun, likitan da ya bi diddigin gubar rogo da gigin tsufa

A Batsari da Safana, kamar sauran garuruwanmu, idan dattijo ya fara manta sunayen 'ya'yansa, ko ya ɓata a hanyar masallacin da ya shekara hamsin yana zuwa, sai a ce gigin tsufa ne, wasu kuma su ɗora wa iskoki. Akwai wani likita ɗan Najeriya da ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana binciken wannan larura, har sakamakonsa ya sa masanan duniya suka sake lale. Shi ne Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun.

An haife shi ranar 6 ga Janairun 1935 a Okemesi, cikin Jihar Ekiti ta yanzu. Ya yi sakandare a Ado-Ekiti, ya kammala karatun likita a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1961. Daga nan ya tafi Birtaniya, inda ya ƙware kan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a birnin Newcastle, sannan ya dawo gida.

Aikin da ya fara fito da sunansa ya shafi wata cuta da ta addabi talakawa a yankin Epe da Ijebu. Mai ita yakan riƙa tangaɗi in yana tafiya, ƙafafunsa su mutu, gani da ji su ragu. Osuntokun ya auna jinin majinyata, ya binciki cimarsu, ya nuna cewa cutar na da alaƙa da yawan cin rogon da ba a sarrafa shi sosai ba. Rogo, musamman mai ɗaci, na ɗauke da sinadarin da ke rikiɗewa zuwa gubar sayanaid, kadan-kadan tana lahanta jijiyoyi, balle ga wanda ba ya samun nama ko wake. Ya wallafa binciken a 1968. Darasin na nan ga duk mai noma rogo ko sayar da shi: jiƙawa da shanyawa da dafawa sosai su ne ke rage dafin.

Ya zama farfesa a 1970, ya shugabanci tsangayar koyon likitanci ta Ibadan, daga baya ya riƙe asibitin koyarwa na jami'ar daga 1985 zuwa 1990. Ya kuma jagoranci kwamitin da ke ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara kan bincike.

A 1992 ya haɗa hannu da Farfesa Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana a Amurka, suka kwatanta tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama a Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis. Sun samu cewa kimanin kashi 2 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne ke da ciwon mantuwa, alhali a Indianapolis adadin ya haura kashi 8.

A daidai lokacin, cikin 1993, masana a Jami'ar Duke sun gano cewa wani nau'in ƙwayar gado mai suna APOE4 na ƙara haɗarin kamuwa da cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa mantuwar tsufa. Osuntokun da abokan aikinsa suka duba jinin tsofaffin Ibadan. Ƙwayar tana nan da yawa a jikinsu, amma ba su ga alaƙarta da cutar ba. Binciken da aka ci gaba da yi bayansa ya nuna tana da tasiri a wurinsu, sai dai bai kai wanda ake gani a Amurka ba. Wannan ya karkato da hankalin masana zuwa ga abinci, hawan jini da yanayin rayuwa, domin gado shi kaɗai bai isa ya bayyana wanda zai kamu ba. Ya kuma nuna cewa abin da aka auna a jikin Turawa ba dole ne ya dace da mutanen Afirka ba.

Wannan rahoto ya fito a 1995, shekarar da ya rasu a Cambridge ta Ingila, ranar 22 ga Satumba, yana da shekara 60. Ɗalibansa suka ci gaba da aikin na tsawon shekaru.

Tsofaffi da dama daga ƙauyukan Batsari da Safana yau suna zaune hannun 'ya'yansu a birane, bayan matsalar tsaro ta raba su da gidajensu. Wanda a cikinsu ya fara ruɗewa majinyaci ne, haƙƙinsa a kai shi asibiti, a auna jininsa, a kuma yi haƙuri da shi.