Ranar Da Malam Abdullahi Na Gwandu Ya Gaji



Sau da yawa bayan sallar isha'i wani zai jira sai kowa ya watse, sannan ya matso ya shaida mini cewa shi fa ya gaji, barci ya ƙaurace masa, ji yake kamar ya bar garin. Yawancinsu ma'aikatan kamfanoni ne a nan Bompai, wasu kuma aikin ma ya tsaya. Abin da ya fi cin ransu shi ne zaton da suke yi cewa wannan ƙuncin raunin imani ne. To, ni labarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo nake ba su, Allah Ya yi masa rahama.

An haife shi wajen shekarar 1766. Ƙanen Shehu Usmanu ne, ɗalibinsa ne, kuma shi ya fara yi masa mubaya'a a Gudu a 1804. Shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tafkin Kwatto. A ilimi kuwa ba a magana, mu da muka yi Larabci a jami'a har yau Liya'ut Ta'awili yana sa mu gumi.

Amma bayan Kwatto sai jarrabawa ta biyo baya. A Tsuntsuwa aka kashe mutane wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. A Alwasa, 1805, aka sake rasa wasu. Waɗannan fa abokan karatunsa ne, waɗanda suka yi yawon wa'azi tare tun ba su da komai. Da ya waiwaya ya dubi waɗanda suka cika rundunar daga baya, sai ya ga da yawansu ganima da dawakai da muƙami ne a gabansu. Ga rashin masoya, ga aikin da ya ba wa rayuwarsa yana sauya kama a idonsa.

Wajen 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, sai Malam ya zare jiki ya bar rundunar. Ya fuskanci gabas da niyyar Makka da Madina, da mutum biyar kacal. Kwana uku suna cikin daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Shi da kansa ya rubuta wannan a Tazyinul Waraƙat, bai ɓoye ba, bai yi wa abin kwalliya ba. Wallahi wannan ya fi komai burge ni. Mu yau ko matarmu ba ma iya gaya wa cewa zuciya ta yi nauyi.

Tafiyar ba ta wuce Kano ba, zamanin Sarki Sulaimanu. Kanawa suka riƙe shi, suka nemi ya koya musu yadda ake hukunci da shari'a. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani. A ganina maganin nasa yana nan: ya samu mutanen da ke buƙatarsa, ya samu aikin da zuciyarsa ta yarda da shi. Daga nan ya koma wurin ɗan uwansa.

Kada ku ɗauka shi ke nan. A 1817 Shehu ya rasu, aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a, Malam Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa. Baffa ne, malamin Bello ne, kuma shi ne wazirin Shehu. Abin ya yi masa ciwo, ya koma Gwandu, aka ɗauki shekaru tsakaninsu ba daɗi. Bai ɗaga takobi a kan ɗan ɗan'uwansa ba, karatunsa da rubutunsa ya riƙe.

Da tawayen Kalambaina ya tsananta masa, Bello ya taho da runduna ya taimake shi. Masu tarihi sun ce da suka haɗu bayan nasara, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Malam ya yi masa ishara ya zauna, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi.

Ya rasu a 1829, kabarinsa yana Gwandu. Allah Ya jiƙansa, Ya yaye wa duk mai ƙunci a cikinmu.