Barbara McClintock: Matar da ta gano sirrin bakin kromosom a gonar masara

Masarar da ake niƙawa a masana'antun Bompai tana ɗauke da kromosom goma-goma daga uwa da uba, wato zaruruwan da ke riƙe da gadon halitta. Wadda ta fara tantance su ɗaya bayan ɗaya, a 1929, ita ce Barbara McClintock, wadda aka haifa a Hartford ta Amurka ranar 16 ga Yuni, 1902, ta kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Cornell a 1927.

Fagen bincikenta shi ne miyosis, rabuwar ƙwayar halitta da ke samar da ƙwayoyin haihuwa. A farkon wannan rabuwa, bakunan zaruruwan kan manne da bangon cibiyar ƙwayar, su yi ta zamewa har su tattaru wuri guda, tamkar damin gero da aka ɗaure ta gindi. Wannan tattaruwa ke taimaka wa kowane zare ya sami takwaransa, su jeru, su yi musayar gutsattsari. A 1931, ita da Harriet Creighton suka tabbatar a masara cewa musayar halayen gado tana tafiya ne tare da musayar sassan kromosom na zahiri.

Daga nan ta koma kan bakunan kansu. Ta lura cewa zaren da ya karye kan haɗe da wani karyayyen, ya sake tsinkewa a rabuwa ta gaba, alhali baki na asali ba ya haɗewa da kowa. Ashe akwai murfin da ke kare shi, wanda Hermann Muller ya raɗa wa suna telomiya a 1938.

Duk da haka, a Jami'ar Missouri, inda ta fara koyarwa a 1936, ba a kiranta taron malamai, ba ta kuma hango ƙarin girma ba. Ta tattara nata ya nata a 1941, ta koma ɗakin bincike na Cold Spring Harbor. A can ta gano cewa wasu ƙwayoyin gado kan yi ƙaura daga wuri zuwa wuri a jikin kromosom. Takwarorinta suka karɓi batun da shakku, har ta daina wallafa shi a 1953, amma ba ta ajiye bincike ba.

Sai a 1983 aka ba ta lambar Nobel ta fannin likitanci, mace ta farko da ta karɓe ta ita kaɗai. Ta rasu ranar 2 ga Satumba, 1992, tana da shekara 90.

A Samaru ta Zariya, masu kyautata irin masara na Cibiyar Binciken Aikin Gona suna dogara da wannan musayar gado a duk aurin iri da suka haɗa. Aikin da ya kai su nan ya ɗauki gomman shekaru kafin ya yi 'ya'ya, lissafin da masu tsara kasafin ilimi a Najeriya ba kasafai suke yi ba.